A ɗaure karnuka, to ina allurar?

Da zarar an ce mahaukacin kare ya ciji yara a wata unguwa, kowa ya san abin da zai biyo baya. Ƙaramar hukuma ta fitar da sanarwa, mai unguwa ya sa a yi shela: kowa ya ɗaure karensa, wanda aka gani yana yawo a kashe, mai shi ya biya tara. Samari su fito da gora da adda, a kwana biyu ana bin karnuka a bola da bayan mahauta. Sai a yi tsit, wai an gama aiki.

Wane aiki aka gama, don Allah? Ihu bayan hari ne.

Karen da ya yi cizon shi ne shaida. Ƙa'ida ita ce a tsare shi kwana 10 a ga halinsa, in kuwa an kashe shi, a kai kansa ga likitan dabbobi a aika gwaji, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom nan a Filato. Mu sai a jefa shi a kwata ya kumbura. Uban yaro ya nufi asibiti neman allura, a ce masa "babu, sai dai ka sayo a kemis". Kuma ba allura ɗaya ba ce: ranar cizo, rana ta 3, ta 7, har gaba. Talaka ya lissafa, ya koma gida, a ƙona gashin kare a shafa a ciwon. Bayan wata ɗaya ko biyu yaro ya fara firgita in an miƙo masa ruwa, yawu na dalala. Daga nan sai dai addu'a, domin in alamun sun bayyana kusan ba wanda ke tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo na haukan kare duk shekara, wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ta kuma faɗi maganin abin: a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka rigakafi, cutar ta yanke. A tsibirin Bali na Indunusiya, da cutar ta ɓulla a 2008, kisa hukumomi suka sa a gaba, dubban karnuka suka tafi, cutar ta ci gaba da yaɗuwa. Sai da suka koma ga allura ta lafa.

Kuma wa aka yi wa dokar? Maharbi ba zai ɗaure karen farautarsa ba, makiyayi ba zai ɗaure mai gadin garkensa ba. Ɓoye su za su yi in sun ji ana kisa, karen da aka ɓoye kuwa malamin dabbobi ba zai taɓa ganinsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mai shelar nan ya zaga gari kaf, bai ce a wanke cizo da sabulu da ruwa minti 15 ba. Wannan ko sisi ba ya ci. Tara ce kawai aka tuna a rubuta masa.