Alhaji, Wannan Ai Ruwa Ne

Akwai wata magana da ta kashe injinan motoci a Arewa fiye da ramukan titi, kuma har yau ba a taɓa tuhumar kowa a kanta ba. Mai mota zai sayo galan ɗin baƙin mai irin wanda kamfani ya ce a zuba, ya kai gareji a yi masa juye. Bakanike zai buɗe, ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya girgiza kai. "Alhaji, wannan ai ruwa ne. Na ƙasar sanyi ne. Mu nan da zafin nan namu, sai mai kauri." Shi kuwa Alhaji, mai digiri biyu, wanda ko kwabo aka rage masa a albashi sai ofis ya ji, sai ya yi laushi ya ce, "To Oga, kai ka san aikinka." Nan take a aiki yaro ya sayo 20W-50.

Abin da ya tayar da zancen a makon nan wata Honda Accord ce ƙirar 2005, irin wadda dillalai ke kira EOD, ta wani malamin sakandare maƙwabcin mai wannan shafi. Da kuɗin adashi da rancen ƙungiyar ma'aikata ya saye ta, 'yar Kwatano, lafiyarta ƙalau. Yanzu tana kwance a gareji, injin a warwatse a kan buhu. Da aka cire murfin saman injin, baƙar laka ce ta daskare ko'ina, sai da sukudireba ake kankare ta. Sarƙar tayimin ta saki, 'yar ragar da mai ke bi ya shiga na'urar buɗe bawul ta toshe ƙam. Kuɗin da aka yanka masa na wani injin ya fi albashinsa na watanni. A gefe guda kuma ga murfin da ake buɗewa a zuba mai, an yar da shi cikin faranti tare da notuna, ɗauke da rubutu ɓaro-ɓaro: 5W-20. Tun ranar da motar ta shigo hannunsa ba ta taɓa ɗanɗana wannan man ba. A kowane juye hannun bakanike na kan rubutun nan, idon malam na kan wayarsa.

Lambobin nan ba sihiri ba ne. Ta farko, wadda harafin W ke biye da ita, tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake a sanyaye. Ta biyu tana nuna kaurinsa idan ya kai digiri 100, wato kusan zafin da mai ke aiki a cikinsa idan mota ta kama hanya. A nan ne hujjar "ƙasarmu da zafi" take rushewa. Injin da ke da lafiya yana riƙe ruwansa a wajen digiri 90, ko a Sakkwato ne cikin watan Afrilu, ko a Jos cikin hunturu. Aikin lagireto da fanka da tamostat ke nan. Man da ke cikin inji bai san ko ana rana a waje ba, zafin wutar da ke tashi a kan fistin ya sani. Kuma wa ya ce Amurka duk sanyi ce? A birnin Phoenix na jihar Arizona zafi kan haura digiri 43 a watan Yuli, kuma irin wannan Accord ɗin tana yawo a can da man da aka rubuta a murfinta, har ta tsufa a loda ta a jirgin ruwa a kawo mana.

To daga ina aƙidar ta fito? Daga Kakuri. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a wannan unguwa ta Kaduna, 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar ɗaukar amarya. Injinta mai kafireto ne, sassansa na da sarari a tsakaninsu, kuma 20W-50 ya dace da shi sarai. Manyan makanikanmu a kanta suka koyi aiki, suka kuma iya ta iyawa ta gaske: mutum ya kasa kunne ya faɗa maka filogin da ba ya ci. Suka yaye yara, yaran suka yaye nasu yaran, kowa ya gaji karatun maigidansa baki da baki. Motar ta ƙare, karatun bai canza ba. Injin Honda da Toyota na bayan shekarar 2000 wata halitta ce daban. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansa 'yar mitsitsiya ce, kuma mai a cikinsa ba santsi kawai yake bayarwa ba, shi ne ke tura na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, wadda Toyota ke kira VVT-i, Honda kuma i-VTEC, shi ne kuma ke ɗame sarƙar tayimin. Duk wannan ta cikin ƙananan kafofi yake bi. Da asuba, aka tayar da mota, mai kauri sai ya ɗauki lokaci kafin ya hau sama, kuma a 'yan daƙiƙun nan ne ƙarfe ke gugar ƙarfe. Kullum kaɗan, kullum kaɗan, ba ƙara ba hayaƙi, har ranar da za a ce aikin maƙiya ne.

Gaskiya ne tsohon injin da ya ci hanya har ya fara shan mai zai iya karɓar wanda ya ɗan fi kauri, kuma littattafan wasu motocin sun ba da wannan dama, amma taki ɗaya ake hawa, ba a tsallakawa daga 20 zuwa 50.

Masu bin wannan shafi sun gaji da jin zancen tamostat, to su ƙara haƙuri. Ita ma motar malam an cire mata, tun a makon farko, da hujjar nan dai ta zafin ƙasa, aka kuma haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayarwa har kashewa. Sakamakon shi ne injin ba ya kai zafin da aka tsara masa. Kwamfutar motar tana ganin sanyi, sai ta riƙa ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa ta gefen fistin ya gauraya da mai, tururin ruwan da ya kamata zafi ya kore shi yana zaune a ciki, su ne suke haɗuwa su zama lakar nan. Mai mota na murna allurar zafi ba ta motsi, yana kuma zagin gidan mai wai litarsu ba ta cika. A lagireto kuwa ruwan rijiyar burtsatse ne, ko na leda, mai cin ƙarfe a hankali. Ba a ma zo kan "indomi" ba, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake yanke wa mutum a ce ita ke shaƙe motar, alhali ƙarafa masu tsada da ke cikinta ake so. Wannan sai wani makon.

Har nan jahilci ne, kuma jahilci ana yafe shi. Abin da ke biye ba jahilci ba ne, sata ce.

Man inji abu biyu ne a haɗe. Akwai gundarin man, akwai kuma sinadaran da ake zuba masa: masu wanke datti, masu hana tsatsa, masu hana kumfa, masu kare ƙarfe daga cin juna. Sinadaran nan su ne tsadar, su ne kuma aikin. Najeriya, mai arzikin ɗanyen mai, daga waje take sayo gundarin. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ita ce aka gina wa sashen yin wannan gundarin a 1983, kuma kowa ya san halin da matatar take ciki shekara da shekaru. Saboda haka da dala ake sayen kowane ɗigo. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ga tallafin fetur an janye a lokaci guda. Galan ɗin mai na kirki ya zama abin da ma'aikaci ke tsayawa ya yi lissafi kafin ya saya. A wannan ɓarakar 'yan algus suka baje koli. Wasu gundarin man suke sayarwa tsurarsa, ba sinadari ko ɗaya, a ɗura a gorar ruwa a jera a bakin titi, rana na dukansa, 'yan adaidaita da masu janareto na saye a gwangwani. Wasu tsohon man da aka juye suke tarawa, su tace, su gyara masa launi. Mafi mugunta su ne masu bin gareji-gareji suna sayen galan ɗin da aka zazzage, mai tambarin babban kamfani, su cika shi da abin da suka ga dama, su liƙe bakin tsaf, ya koma shago a matsayin sabo. Mai motar da ya bar galan ɗinsa a gareji ba tare da ya huda shi ba, ya ba su jari kyauta.

Murza mai a yatsa ba ya gano ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hasali ma na jabun ya fi cin jarrabawar yatsa, domin an san abin da yatsa ke so.

Akwai wasu haruffa a bayan galan da kusan ba mai dubawa, matakin inganci na cibiyar API ta Amurka. SL na 2001 ne, SN na 2010, SP na 2020. Amma har gobe kasuwanninmu cike suke da mai mai lamba SF, matakin da aka yi wa motocin shekarun 1980, ana ɗura shi a motar da aka ƙera bayan shekara ashirin. Wannan ko na gaskiya ne, ba jabu ba, bai isa ba. Duk mai ganin abin wasa ne ya tuna abin da ya faru a Amurka da wasu injinan Toyota na tsakanin 1997 da 2002, irin na Camry da Sienna. Laka ta riƙa toshe su, masu motoci suka yi ca, aka je kotu, a ƙarshe kamfanin ya amince ya ɗauki nauyin gyara a wani sulhu da ya shafi motoci sama da miliyan 3. Wannan a ƙasar da ake samun mai na gaskiya a kowane kanti. Waɗannan motocin ne fa, su Camry da Sienna, suke jigilar fasinja yau tsakanin Kano da Abuja, da man gwangwani a cikinsu. Ita kuma Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, an san ta da shan mai tun a can saboda matsalar ringin fistin. Mai irinta da ba ya zaro gejin mai ya duba a kowane mako, yana caca ne da injinsa.

Sai batun lokacin juye. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, ba kilomita ba. Bakanike zai liƙa 'yar takarda ya ƙara 5,000 a kan abin da agogon ya nuna, shi da mai motar duk suna nufin kilomita, motar kuwa sai ta ci kilomita 8,000 kafin lambar ta cika. Littattafan motocin nan suna da jadawali na biyu, mai gajeren zango, na abin da suka kira aiki mai tsanani: ƙura, gajerun tafiye-tafiye, daɗewa a cunkoso inji na aiki mota na tsaye. Wanda ya taɓa bin Ƙofar Ruwa a Kano da yamma cikin hunturu ya san wane jadawali ne namu. Filtar mai kuwa, a kowane juye ake sauya ta, ba wanke ta ake yi da fetur a mayar ba. Idan kuma jar fitilar nan mai kama da 'yar buta ta kama ana cikin tafiya, ba cewa take yi a ƙara mai in an isa gida ba. Cewa take yi mai ya daina zagayawa, a gangara gefe a kashe yanzu.

Mai wannan shafi ba ya ganin laifin bakanike kamar yadda yake ganin na mai mota. Bakanike yaro ne da aka cire daga makaranta aka kai gareji, abin da ya tarar shi yake yi, ba wanda ya taɓa mayar da shi aji. Mai mota fa? Zai kwana yana muhawara a Facebook kan siyasar ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, amma littafin motarsa, wanda ake samu kyauta a intanet, bai taɓa buɗe shi ba. Zai sayi sabbin rim da baƙin gilashi da jiniya, ya zo kan mai ya ce a nemo mai sauƙi. Wannan lalaci ne, kuma lalacin mai ilimi ya fi ban haushi.

Hukumomi kuma ba za su sha ba. SON ce ke da alhakin ingancin kaya, NMDPRA, wadda ta gaji DPR bayan dokar man fetur ta 2021, ita ke ba masu haɗa man inji lasisi. Akan ji sun kai samame, a nuna durom-durom a talabijin, jami'ai su yi jawabi, a watse. Direban da ke Funtua ko Potiskum bai ƙaru da komai ba, domin gobe zai shiga shago ya tarar da galan iri goma bai san na kamawa ba. Abin da yake buƙata ba shi da tsada: a riƙa shiga kasuwa ana sayen samfuri kamar kowane mai saye, a gwada a ɗakin gwaji, a fitar da sunayen waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, a karanta a rediyo da Hausa. A kuma faɗi sunan wanda aka kama, da kotun da aka kai shi, da hukuncin da aka yanke masa. Ranar da wannan jerin sunaye ya fito, mai wannan shafi zai ajiye nasa surutun ya buga shi a nan gaba ɗaya, ba tare da karɓar kuɗin talla ba.