Lambar girma a ƙirji, aljihu wayam

Ran 10 ga watan Nuwamba 1998, wani dattijo mai suna Abdoulaye Ndiaye ya rasu a ƙauyensu Thiowor, cikin ƙasar Senegal, yana da shekara 104 a duniya. Washegari ne aka shirya za a maƙala masa Légion d'honneur, lambar girma mafi daraja ta ƙasar Faransa, saboda yaƙin da ya yi mata tsakanin 1914 da 1918. Shekara 80 Faransa ta yi kafin ta tuna da shi, da ta tuna kuma sai ta makara da kwana guda.

Duk wanda ya girma a Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa, ya san irin waɗannan tsofaffi. Ƴan mazan jiya muke ce musu. Ranar biki sai su fito da tsohon kaki da jar dara, ƙirji cike da lambobi suna ƙwalƙwal, su jeru a gaban hukuma, a tafa musu, kowa ya watse. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: me waɗannan ƙarafa suka tsinana musu?

Tun 1857 Faidherbe ya kafa rundunar da ake kira tirailleurs sénégalais, sunan da aka laƙaba wa kowane baƙin soja ko da bai taɓa ganin Senegal ba. A yaƙin duniya na farko an ɗebi kimanin mutum 200.000 daga Afirka ta Yamma, wajen 30.000 ba su dawo ba. Na biyu ma aka sake ɗiba. Sun sauka gaɓar Provence cikin Agusta 1944, sun taya korar Jamus, amma kafin sanyi ya kama aka janye su daga fagen daga aka maye gurbinsu da fararen fata. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, waɗanda suka dawo daga hannun Jamus suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe, sai aka buɗe musu wuta. Hukumar mulkin mallaka ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna cewa abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Sai cikin 2024 wani shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa, wato kisan kiyashi.

Waɗanda suka tsira da rai kuwa, alƙalami aka sa musu maimakon bindiga. Dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴancin kai. Abin da kake karɓa a lokacin, a nan za ka tsaya, alhali na abokin yaƙinka Bafaranshe yana hawa duk shekara. Rami ɗaya suka kwanta, lamba iri ɗaya aka rataya musu, amma ranar biya kowa da tagarsa. Wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Conseil d'État ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001, bayan ya riga mu gidan gaskiya. Daidaitawar gaba ɗaya ba ta zo ba sai 1 ga Janairu 2011. A cikin waɗannan shekaru 50, mutuwa ta rage wa baitulmalin Faransa mafi yawan masu binsa bashi.

Kada wani ya ce ai lambar kanta tana da kuɗi. Tana da su kam. Médaille militaire, wadda aka ƙago cikin 1852 domin ƙananan sojoji, ta zo da tukuicin faran 100 a shekara, wanda a zamanin abin kirki ne. An bar shi ya tsufa har ya koma yuro 4,57, wato kusan jika 3 na kuɗin Sefa, a shekara ba a wata ba. Ɗan kasuwar da ke karanta wannan shafi sai ya lissafa tiya nawa ta hatsi ke nan.

To amma laifi tudu ne. Zagin Faransa abu ne mai sauƙi, kuma a zamanin nan har riba yake kawowa. Mu fa, yaya muka yi da namu?

Ran 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojojinmu 71 a Inates. Wata guda bayan haka, ran 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. An yi zaman makoki na kwana uku-uku, an sassauto da tuta, an yi jawabai masu sa hawaye. Mai karatu, tsakaninka da Allah, sunan mutum nawa ka riƙe daga cikin 160 ɗin nan? A Tongo Tongo, ran 4 ga Oktoba 2017, sojojin Amurka 4 suka faɗi tare da namu. Amurka ta yi bincike, ta bi sawun abin da kowanensu ya aikata a wannan rana, ta ba biyu daga ciki lambar Silver Star cikin 2019, duniya ta san sunayensu da fuskokinsu. Namu da suka faɗi a kan ƙasar kakanninsu sun tsaya a matsayin adadi.

Akwai masu cewa jarumtaka ba hajar sayarwa ba ce, haɗa ta da kuɗi zubar mata da daraja ne. Maganar tana da daɗin ji, amma galibi daga bakin ƙosassu take fitowa. Gaskiya ne babu farashin da zai biya ran mutum. Sai dai lambar girma shaida ce da ƙasa ta sa wa hannu a bainar jama'a cewa wane yana bin ta bashi. Ƴan kasuwa sun san takardar bashi ba biya ba ce. Ma'aikatan gwamnati da suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi kan yi watanni bai fito ba, su ma sun san takardar yabo ba ta hawa murhu. Sojoji kuwa sun faɗa da kansu, ta hanyar da ba mu so, cikin boren Fabrairu 1992 a Yamai da na 2002 a Diffa, kuma duka biyun maganar haƙƙi ce ta tayar da su.

Wani abin kuma da ke cin darajar lamba shi ne yawan rabonta. Idan duk bikin 3 ga Agusta da 18 ga Disamba aka jera manya a inuwa ana rataya musu, wanda ya yi shekara 30 a ofis bai ci amana ba ya cancanci yabo, ba mu musa ba. Amma daɗewa a aiki daban, tsayawa a bakin wuta daban. Ƙasarmu tana da Croix de la Vaillance domin na biyun, kuma ya kamata ta yi wuyar samu, ta fi sauka a ƙirjin kafaran da sarjan da lajidan, tun da su ne ke kwana a daji. In ba haka ba, an koma gidan jiya: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da muke nema ga hukuma bai fi ƙarfinta ba. Duk lambar jarumtaka da aka bayar, a buga sunan mai ita da garinsu da abin da ya aikata, a karanta a rediyo da harsunan ƙasa, domin uwarsa a ƙauye ta ji da kunnenta. Sa'annan doka ta ɗaure lambar da haƙƙin da ba ya bukatar roƙo ko sanin wani babba: kuɗin da ke hawa tare da tsadar rayuwa, maganin wanda ya nakasa, karatun marayu. A kuma yanke wa'adin biyan matar mamaci, a rubuta shi cikin dokar da watanni, a faɗi ofishin da za a tuhuma in wa'adin ya wuce takardunta suna kwance a kan tebur.