Faifan biki ya ƙi tashi: a daina ɗora wa na'urar mai gida laifi

Akwai wata amsa da masu ɗaukar bidiyon biki suka haddace tun daga Tanut har Belbeji, kamar a allo ɗaya suka karanta ta. Mutum ya biya kuɗinsa, a ɗauki ɗaurin auren ɗiyarsa ko walimar saukar Alƙur'anin ƙanensa, a miƙo masa faifai. Ya kai gida, iyali su taru, a saka a na'ura, ta yi ta juyi tana ƙugi, daga ƙarshe ta nuna babu komai a cikinta. Ya koma shago, sai a ce masa: "Alhaji, ai na'urarka ce ba ta da kyau, ga shi nan yana tashi a wajenmu." Ni dai na ce wannan magana kare kai ce kawai. A mafi yawan lokuta na'urar Alhaji lafiyarta lau, mai aikin ne bai san aikinsa ba, ko kuma ya sani ya ƙi yi.

Mu fara da "yana tashi a wajenmu". A ina yake tashi? A kwamfuta. Ita kuwa kwamfuta kusan duk abin da aka ba ta buɗewa take yi, don haka shaidarta ba ta karɓuwa a wannan shari'a. Na'urar DVD ta gida tana da tsarin da ta sani: bidiyo a juye zuwa MPEG-2, a jere cikin jakar da ake kira VIDEO_TS. Kyamarori da wayoyin yanzu kuwa MP4 suke fitarwa. Wanda ya kwashi MP4 ya zuba a faifai kamar yadda ake zuba hotuna, ajiya ya yi, bai haɗa faifan kallo ba. Wata na'urar za ta yi haƙuri ta karanta, wata ta ƙi. Wadda ta ƙi ba ta yi laifi ba.

Sai batun tsarin hoto. Amurka na amfani da NTSC, layi 480 da hoto kusan 30 a daƙiƙa. Faifan ƙasashenmu PAL ne, layi 576 da hoto 25. Ko a zamanin da telebijin ɗin Nijar ke kan tsarin SECAM irin na Faransa, faifan da ya dace da mu PAL ne. Manhajoji da yawa suna zuwa a saite kan NTSC, mai shago bai taɓa leƙa wurin ba. Sakamakon shi ne hoto baƙi da fari ko mai rawa a tsohuwar tele, a ce wa mai gida telensa ta tsufa. Gyaran nan danna wuri ɗaya ne kafin a fara aiki.

Ƙorafin da na fi ji daga bakin masu sana'ar shi ne manhajar tace bidiyo ba ta ganin mabugin faifai, ko ta fara bugawa ta tsaya a tsakiya ta ɓata faifan. Wannan kam yana faruwa, amma ba aikin aljanu ba ne. Tsofaffin Nero da Ulead da Pinnacle da ake ta kwafa daga shago zuwa shago an rubuta su ne don mabugai da Windows na zamaninsu. Ka ɗora manhajar da ta shekara goma sha biyar a kan sabuwar kwamfuta, ka jona mata mabugi na waje da aka ƙera jiya, sannan ka yi mamakin ba su gane juna ba? Ƙari a kan haka, wasu sukan cusa manhajar bugu uku ko huɗu a kwamfuta ɗaya, kowace tana jan mabugin wajenta, har Windows ta daina ganinsa gaba ɗaya.

Mafitar ba ta cin ko dala. A raba aikin biyu. Manhajar tacewa ta tsaya a abin da ta iya: ta haɗa bidiyon, ta fitar da shi a matsayin fayil ɗin ISO a cikin kwamfuta. Sannan a ɗauki ƙaramar manhajar bugu irin ImgBurn, wadda kyauta ce, a buga da ita. In an yi haka kuma aka samu matsala, nan take za a san inda take, a haɗi ne ko a bugu. Kuma in faifai ya lalace ba sai an sake sa'o'in juya bidiyo ba, ISO yana nan.

Shi ma farin faifan ba iri ɗaya ba ne. Akwai DVD-R wanda ya fito a 1997, akwai DVD+R da ya biyo baya a 2002, kuma tsofaffin na'urori da dama sun fi jituwa da na farkon. Kowane farin faifai yana ɗauke da lambar masana'antar da ta yi shi, da ita mabugi ke sanin ƙarfin hasken da zai yi aiki da shi. In bai san lambar ba, kame-kame zai yi. Shi ya sa faifan araha marar suna da aka buga da gudun 16x yake tashi yau ya sandare bayan wata biyu. A sauko zuwa 4x ko 8x, minti nawa za a rasa? Faifan DVD gigabait 4.7 yake ɗauka, wato kimanin awa biyu na hoto mai kyau. Mai cusa kamu da ɗaurin aure da buɗar kai duka a faifai ɗaya don ya tsira da kuɗin faifai biyu, shi ya mai da fuskar amarya dusu-dusu. Akwai kuma wanda ke cire faifai bai rufe bugun ba, alhali na'urar gida ba ta karanta faifan da aka bari a buɗe.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ƙurar hunturun Damargu tana toshe idon mabugi, zafin bazara yana lanƙwasa faifai, kuran yana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, kuma kaya nagari sai an je Damagaram, tafiyar kusan kilomita 150 daga Tanut, ko ma an aika Kano. Duk gaskiya ne. Amma tela ma a cikin wannan ƙurar yake, kuma yana rufe kekensa yana zuba masa mai. Mai shagon da ya san kuran ba shi da tabbas ya kamata ya yi bugu da kwamfutar da batirinta ke riƙe caji. Abin da aka sani tun kafin a karɓi kuɗin mutane ba ya zama uzuri bayan an karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wasu kuma cewa za su yi zamanin faifai ya wuce, kowa ya koma memori da waya, me ya kawo wannan dogon zance? Lalle duniya na juya masa baya. Tun Windows 8 a 2012 Microsoft ta cire manhajarta ta haɗa DVD, sababbin kwamfutocin hannu kuma ba sa zuwa da wurin faifai. Amma wannan dalili ne na ƙara kula, domin kayan aikin ƙara rashin jituwa za su yi. Kuma a garuruwa irin su Gangara da Falanko da Bakin Birji da ƙauyukan Tarka har yanzu akwai gidajen da na'urar DVD da ƙaramar tele a kan batirin sola su ne ke tara tsofaffi da yara wuri ɗaya. Muddin kana karɓar kuɗi da sunan faifai, to faifai mai tashi ake binka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne goge asalin bidiyo. Mai shago ya buga faifai, bai gwada ba, ya share abin da ya ɗauka don ya samu wurin bikin gobe. Fim ɗin Kano in ya lalace sai a sayo wani. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi. A cikin wannan bidiyon akwai kakar da ta sa wa amarya albarka ta rasu kafin damina, akwai ɗan'uwan da ya zo daga Agadas ko Libiya ya koma ba a san ranar dawowarsa ba. Wanda ya goge wannan saboda ƙyashin sayen ma'ajiya, amana ya ci, ko da bai yi niyya ba.

Don haka ina kira ga masu biki, ku daina karɓar faifai a leda ku juya. Ku gindaya sharaɗi tun ranar ciniki. A saka faifan a na'urar DVD ta gaske da tele a gabanku, ba a kwamfuta ba, a duba farko da tsakiya da ƙarshe, domin a gefen ƙarshe mugun bugu ya fi nuna kansa. A zuba muku asalin bidiyon a memori ko filas ɗinku, ba ta WhatsApp ba, domin matse hoto yake yi. Kuma kada ku cika kuɗi sai an yi waɗannan. Mu ma masu biki mu daina neman aikin jikka ashirin a kan jikka biyar, araha ba ta ado.

Ku kuma masu sana'a, cikinku akwai matasa masu basira da suka koyi tace bidiyo ba tare da malami ba, kuma na yaba musu. Abin da ya rage kaɗan ne: tsohuwar na'urar gwaji ɗaya a shago, faifai mai suna, bugu a hankali, da ma'ajiyar da za ta riƙe aikin mutane ko da na wata uku ne. Wanda ya yi haka ba zai ƙara buƙatar zagin na'urar kowa ba. Allah ya sa a gyara.