Jami'ar Babura Ta Matso Kusa, Amma 'Ya'yan Wa Za Su Shiga?

Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a shekarar 2021, tare da ware mata Naira biliyan 4 daga asusun TETFund domin fara aiki, al'ummar arewacin Jigawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Kafin wannan lokaci, yaron Gagarawa ko Sule Tankarkar mai burin zama injiniya galibi sai ya nufi Wudil, ko Bayero ta Kano, ko kuwa Zariya.

To amma jami'ar ta tarayya ce, kowane ɗan Nijeriya yana da ikon neman gurbi a cikinta, kuma sharaɗin bai san ɗan gida ba: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri, sannan makin JAMB, jarrabawar da tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta. Ina makomar yaron da bai taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa? A matsayina na malamin harshe, na daɗe da lura cewa da yawa daga yaranmu ba Fizis ɗin ne ke kayar da su ba, Turancin da aka yi tambayar da shi ne. Sun iya lissafin, ba su gane abin da ake nema ba.

Wanda kuma Allah ya tsallakar da shi, sai ya tarar da karatun shekara biyar. Gaskiya ne tun 2024 asusun NELFUND yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma bai wa ɗalibi Naira 20,000 a wata, amma bashi ne, kuma ba zai sayi kwamfutar zane ba. A shekara ta huɗu akwai wata shida na koyon aiki a masana'anta, wanda ke nufin neman ɗaki da abinci a kusa da Sharaɗa ko Bompai ko Chalawa a Kano, ga kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin mai a 2023. Manomin riɗi da zoɓo, wanda kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara, a nan ne numfashinsa ke ƙarewa.

Ana ta maganar kamfanin sukari a Gagarawa da yankin ciniki na Maigatari. In sun kankama, injiniyoyi za su nema, kuma ba na fatan rabon 'ya'yanmu ya tsaya a gadi da dako.

Don haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da attajiran kasuwar Maigatari, shi ne su haɗa asusu guda: a ɗauki malaman Fizis da Turanci a sakandarorinmu, a kama wa ɗalibanmu masu koyon aiki gida ɗaya a Kano, a kuma riƙa buga sunayen waɗanda suka amfana kowace shekara.