Tafiyar Lomar Tuwo A Cikin Jiki

 A filinmu na wannan mako ina so mu bi loma ɗaya ta tuwo, tun daga lokacin da hannu ya kai ta baki har zuwa inda ta ke ƙarewa. Mu ne masu surfe, mu ne masu niƙa da tankaɗe da tuƙi, amma da yawa cikinmu da zarar an haɗiye loma, saninmu ya tsaya nan. Alhali kuwa a nan ne babban aikin ya ke farawa, kuma macen da ta san yadda ya ke gudana ta fi sanin abin da za ta yi ran da cikin ɗanta ya ɓaci.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne, abinci ba ya amfanin jiki sai ya shiga jini. Tuwo kuwa, kome laushinsa, ba shi da hanyar shiga jini a yadda ya ke. Tilas a farfasa shi, a narkar da shi, har ya zama ruwan da zai iya ratsa bangon hanji. Ana yin wannan aiki ne cikin wata doguwar hanya guda ɗaya, wadda ta tashi daga baki ta ƙare a dubura. Tsawonta ga babban mutum ya kai wajen ƙafa 25 zuwa 30, an naɗe ta an shirya cikin ciki kamar yadda a ke naɗe guga da igiyarsa.

Zango na farko shi ne baki, turmin jiki ke nan. Babba yana da haƙora 32, yaro kuwa haƙoran nono 20. Na gaba su yanka, fiƙoƙi su yaga, na ciki su niƙa, harshe kuma yana juya lomar kamar muciya. Ana cikin haka miyau yana zubowa daga waɗansu mabubbuga, biyu a gindin kunnuwa, biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe. Na gindin kunnen nan su ne ke kumbura in yaro ya yi hangum. A yini ɗaya baki ya kan yi miyau wajen lita guda. Ban da jiƙa loma, miyau yana da wani sinadari mai fara mayar da abincin gari ya zama sukari. Ki gwada da kanki: ki sa gutsuren burodi ko dafaffiyar shinkafa a baki, ki yi ta taunawa ba haɗiya, za ki ji ɗan zaƙi-zaƙi ya fara fitowa. Kin ga ke nan yarinyar da ke afa loma tana haɗiya don kada ta makara makaranta, ta tura wa tumbinta aikin haƙoranta ne, tumbi kuwa ba shi da haƙori.

A bayan harshe hanya ta rabu biyu, ta gaba ta numfashi, ta baya ta abinci. In za a haɗiya, wani ɗan murfi ya kan rufe ta numfashin. Wanda ke ci yana surutu ko dariya, abinci ya kan sami murfin a buɗe, sai ya ƙware. Saboda haka ɗure abu ne mai haɗari. Jaririn da aka danne, aka toshe masa hanci, yana kuka ana zuba masa koko, kokon nan yana iya bin hanyar numfashi ya sauka huhu, ya jawo masa ciwon huhu ko ya shaƙe shi nan take. Ki zaunar da shi, ki ba shi da ƙaramin cokali, da lallashi.

Hanyar abincin tsawonta kamar inci 10 ne. Loma ba faɗawa ta ke yi kamar dutse a rijiya ba. Naman hanyar ne ke matse ta daga baya yana tura ta gaba, kamar yadda ki ke matse hanjin rago da yatsu in kina wanke kayan ciki. Da irin wannan matsa a ke tura abinci har ƙarshen tafiyarsa.

Zango na biyu shi ne tumbi, yana wajen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Na rago ɗaki huɗu gare shi, namu ɗaya ne tak, jaka ce ta nama mai miƙewa in an cika ta. Tumbi yana fitar da wani ruwa mai tsananin tsami, yana dama abinci da shi kamar damun fura har ya koma kamar kunu. Ruwan nan yana kashe ƙwayoyin cuta da dama, yana kuma fara narkar da nama da ƙwai da wake. Abinci ya kan yi awa 2 zuwa 4 a nan. Mai maiƙo ya fi daɗewa, mai ruwa ya fi saurin wucewa, shi ya sa wadda ta karya da koko tsarara ta kan riga wadda ta haɗa da ƙosai jin yunwa. In ruwan tsamin ya hauro sama, shi ne ƙwannafi, wanda ya kan dami masu juna biyu. Sauƙinsa a riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada kuma a kwanta sai an yi awa biyu ko uku da cin abinci.

Ko yaya aka yi aka ga abin da ke gudana a tumbin mutum mai rai? A shekarar 1822, a wani tsibiri mai suna Mackinac a Amurka, bindiga ta tashi ta sami wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa har ya warke, amma sai wani rami ya ragu wanda ya zarce har cikin tumbi. Ta nan likitan ya riƙa zura gutsattsarin abinci ɗaure da zare, yana fitarwa yana duba yadda su ka narke. Ya kuma lura in saurayin ya yi fushi, narkewar ta kan yi jinkiri. Ya buga littafinsa a kan haka a 1833. To, ashe faɗa da tsawa a kan akushi ba ƙaramar ɓarna su ke yi ba.

Wata za ta ce, in ruwan nan yana narkar da nama, me ya hana shi cinye tumbin kansa? Amsa ita ce, bangon tumbi a shafe ya ke da wata yauƙi mai kauri wadda ke kare shi. In kariyar nan ta sami rauni, sai gyambon ciki. An daɗe ana ɗora laifin a kan yunwa da yaji da damuwa. A 1982 waɗansu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce mai zama a tumbi ke haddasa yawancinsa. Da aka ƙi yarda, a 1984 Marshall ya shanye ƙwayoyin da kansa, tumbinsa ya kamu. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin shi ma yana kawo gyambon. Don haka mai wannan ciwo kada ta zauna tana jiƙa kanwa shekara da shekaru, gama akwai maganin da ke kashe ƙwayar a asibiti. Wadda ta yi aman jini, ko ta ga bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta, ta tafi a ranar.

Zango na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne ƙaramin hanji. An ce da shi ƙarami ne don siririntakarsa, amma tsawonsa ya kusa ƙafa 20, watau yadi shida da wani abu. A bakinsa ruwa iri biyu ke taryar abinci. Na ɗaya daga hanta ya ke, ana tara shi a matsarmama, 'yar koriyar jakar nan da mu ke kaffa-kaffa da ita in muna gyaran kaza kada ta fashe nama ya yi ɗaci. Aikinsa ya tarwatsa mai ya zama ƙananan ɗigo, kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙon tukunya. Na biyu daga wata tsoka ya ke fitowa a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, shi ke kashe tsamin da ya biyo abinci, ya ƙarasa narkar da gari da nama da mai.

Bangon hanjin nan ta ciki cike ya ke da waɗansu 'yan tsirarrai miliyoyi, kamar gashin tawul. Da za a shimfiɗa shi duka, da ya rufe daɓen babban ɗaki. Su ne ke tsotse abincin da ya narke. Jini ya kwashi yawancinsa ya kai hanta, ita kuma ta tace, ta ajiye na ajiyewa, ta saki na saki zuwa ga sauran jiki. Ga wata dabara a nan ga masu ciki da 'yanmata: shan shayi tare da abinci yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, lemo da gwaba da ɗanyen tumatir kuwa suna ƙara ta.

Abin da ya ragu sai ya wuce babban hanji, mai tsawon ƙafa 5. Nan a ke tsotse sauran ruwa, dusar ta yi kauri ta zama bayan gida. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu rai ba iyaka waɗanda ke taimakon jiki, kuma kafson da a ke saya a sha barkatai ba da izinin likita ba yana kashe su tare da miyagun. Tafiyar duka ta kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. In bayan gida ya yi tauri, a nemi zogale da rama da alayyafo da kuɓewa da wake da gwanda, a sha ruwa sosai, a motsa jiki, kafin a tuna da maganin wankin ciki.

Yanzu ga inda na ke so ki buɗe kunne. In aka haɗa ruwan da babba ke sha da miyau da ruwan tumbi da na hanta da sauransu, wajen lita 8 zuwa 9 ke bi ta hanji kullum, kuma hanji yana mayar da kusan dukansa cikin jini. Zawo shi ne lokacin da ƙwayar cuta ta hana hanji wannan aiki, ruwa da gishirin jiki su yi ta zuba waje. Babba yana da abin jurewa, amma jariri kwana ɗaya ko biyu sun isa su busar da shi. Da yawa mu kan ce ai haƙori ne, ko mu hana yaro ruwa wai don zawon ya tsaya. Wannan shi ke kashe yara. Ruwan yana fita ko an ba shi ko ba a ba shi ba, hanawa kuwa ƙara busar da shi ta ke yi.

Masana sun gano cewa ko hanji yana ciwo, in gishiri ya zo tare da ɗan sukari, hanjin yana tsotse su, ruwa kuma ya bi bayansu. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da a ke ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba marasa lafiya ruwan gishiri da sukari su sha. Masu mutuwa su ka ragu daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Wanda ya fi kyau shi ne na ƙunshi, wanda a ke samu a asibiti da kantin magani, ki haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, ki sami lita guda ta ruwan da aka tafasa ya huce, ki zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin. Kada ki ƙara gishiri, yawansa cuta ne. Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, wanda ya fi haka rabi zuwa kofi guda, da cokali, sannu-sannu. In ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Kada ki janye nono, kada ki hana abinci. Ki kuma nemi ƙwayar zinki a asibiti, a ba shi kwana 10 zuwa 14. In kin ga idanunsa sun zurma, ko maɗigarsa ta faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko ya kasa sha, ko akwai jini a zawon, ki goya shi sai asibiti, ko da tsakar dare ne.

Rigakafi dai ya fi magani. Cutar nan ta baki ta ke shiga, a kan hannu da ƙuda da ruwa marar tsabta. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin fito bayan gida, da bayan kin wanke wa yaro, da kafin girki da ciyarwa. Ki rufe abinci, ki rufe randa, ki keɓe mata moɗa guda. Jariri nono zalla ya ishe shi har wata 6, ba ya bukatar ko ruwa. Bayan nan, tun da tumbinsa ƙarami ne, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunun kuma ya yi kauri, da gyaɗa ko madara a ciki.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenmu da ba su sami karatun boko ba wannan shafi, ku kuma rubuta awon ruwan gishiri da sukarin nan a takarda ku manna kusa da randa.