A Duba Takardar Shaida Kafin A Amince

Sanin kowa ne cewa manhajojin hira ta intanet suna kulle saƙonni ta hanyar da ake kira TLS, domin kada wani ya tare su a hanya ya karanta. Amma kullewar ba ta da amfani muddin manhajar ba ta tabbatar da wanda take magana da shi ba. Shi ya sa babbar kwamfutar da ke karɓar hirar take nuna takardar shaida, mai ɗauke da sunanta, da sa hannun wanda ya bayar, da ranar ƙarewarta.

A watan Oktoba na 2023 masu kula da jabber.ru, wata hanyar hira ta mutanen Rasha wadda injinanta suke Jamus, suka gano cewa wasu sun shiga tsakaninsu da jama'arsu suna tare saƙonni. Masu kutsen sun samo takardu da sunan jabber.ru daga Let's Encrypt. Asirinsu bai tonu ba sai da takarda ɗaya ta ƙare ba su sabunta ba, manhaja ta yi gargaɗi.

Saboda haka bai kamata masu ƙera manhajoji su bar dubawar nan a kashe ba. Su kuma masu injinan, wajibi ne su riƙa bin rajistar da ake rubuta duk takardar da aka fitar da sunansu. Mai hira kuwa, in gargaɗi ya fito, ya dakata. Rigakafi ya fi magani.