Ɗaukewar al'ada da maganin ciwon hanta nau'in C

Uwargida, idan kin haura shekara 45 kuma an taɓa gaya miki kina ɗauke da ciwon hanta nau'in C, kada ki jira sai ciwo ya kwantar da ke.

Sinadarin estrojin da jikin mace ke samarwa yana rage kumburin hanta, shi ya sa cutar ke tafiya a hankali a shekarun haihuwa. Da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin ya ragu, sai tabo ya riƙa taruwa a hanta da sauri, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Gajiyar da ake ɗora wa girma tana iya zama daga hanta take.

A da, wannan canji yana shafar aikin magani. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa allurar interferon da ƙwayar ribavirin sun warkar da kusan kashi 67 cikin ɗari na matan da ke al'ada, amma kashi 46 kacal na waɗanda al'adarsu ta ɗauke.

Yanzu lamarin ya sauya. Ƙwayoyin sha irin su sofosbuvir da daclatasvir suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari, galibi cikin mako 12, kuma ɗaukewar al'ada ba ta hana su aiki. Sai dai kashe ƙwayar cutar ba ya goge duk ɓarnar da ta riga ta yi. Hantar da ta ƙandare tana buƙatar kulawa ko bayan an warke.

Daga Majidaɗi, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jalingo ba su da nisa. Gwajin farko yana nuna an taɓa kamuwa ne kawai. Sai gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ya tabbatar tana nan. A duba nau'in B kafin a fara magani, domin yana iya tashi a lokacin.

Ki kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna duk abin da kike sha, har da jiƙo da tsimi. Rifampisin na tarin fuka da karbamazefin na farfaɗiya suna raunana maganin, amiyodaron na zuciya kuma haɗa shi da sofosbuvir haɗari ne. Kada ki tsallake rana, kuma ki koma gwaji mako 12 bayan kammalawa.

Maigida da 'ya'ya, ku raka ta, ku ma a gwada ku. Allah Ya ƙara mana lafiya.